CIYAWAR ADO BA TARE DA TAKIN ZAMANI BA: ABIN DA YA KAMATA GADINA YA SANI

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya bi ta unguwannin manya da sassafe, ko Ikoyi da Ikeja a Ikko, ko Bodija a Badun, ko tsohuwar unguwar Turawa ta Fatakwal, zai ji ƙarar injin yankan ciyawa tana tashi ta bayan katangu. In ya leƙa ta ƙofa kuwa, sau da yawa wanda zai gani yana tura injin nan ɗan'uwanmu ne daga Arewa, Bakatsine ko Basakkwace ko Bahaɗeje, ko ma mutumin Maraɗi da Damagaram. Waɗansunsu aikin da aka ɗauke su dominsa ke nan, su ne ake kira gadina. Waɗansu kuma gadi aka ɗauke su, amma da yake maigida ya san ɗan Arewa da noma, sai a hankali aka haɗa musu da shara da ban ruwa da yankan ciyawa, albashi kuwa yana nan inda yake.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan shi ne, kwanakin baya da na zo Ikko na biya wajen wani ɗan baffana wanda ya shekara 11 yana aikin lambu a wani babban gida, na tarar da shi ya yi tagumi. Uwargidan gidan ta dawo daga ganin jikokinta a Turai, ta kira shi ta ce daga ranar kada ya ƙara zuba takin zamani a filin ciyawar gidan, kada kuma ya ƙara fesa magani, domin yaran za su zo hutu, kuma a kan ciyawar nan za su yi ta birgima. Ta ce masa “oganik” take so. Shi kuwa bai taɓa jin kalmar ba, tsoronsa kawai kada ciyawa ta yi ja a hannunsa a ce ya gaza, a sallame shi, ga iyali a gida suna jiran aike duk ƙarshen wata. Da muka zauna muka bi maganar daki-daki sai ya kwashe da dariya, domin ashe abin da ake nema a gare shi shi ne abin da ya tashi ya tarar mahaifinsa yana yi a gona, watau ciyar da ƙasa da taki da toka da ruɓaɓɓen ganye, da cire haki da hannu. Na tabbata akwai irinsa cikin masu karatu, akwai kuma waɗanda za a faɗa wa irin wannan magana nan gaba, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna ta a wannan shafi.

DAGA INA AL'ADAR TA FITO?

A ƙasar Hausa ba mu san shuka ciyawa domin ado ba. Tsakar gida sharewa ake yi a yayyafa ruwa, ciyawa kuwa ta dabbobi ce ko ta jinka. Turawan mulki ne suka zo da al'adar daga Ingila, inda masu hali suka daɗe suna shimfiɗa koren fili a gaban gidajensu, inda kuma wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa na farko a shekarar 1830. Da suka keɓe wa kansu unguwanni irin su Ikoyi a Ikko da Nasarawa a Kano, sai suka kafa filayen ciyawa a gidajensu, leburori suna yanke musu da langalanga. Bayan samun mulkin kai a 1960 manyan ma'aikata da 'yan kasuwa suka gaji gidajen, suka gaji ciyawar.

Magungunan feshi daga baya suka shigo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne kamfanoni a Amurka da Turai suka fara sayar wa masu gidaje maganin da ke kashe haki mai faɗin ganye ya bar ciyawar da aka shuka. A nan Nijeriya kuwa takin zamani ya bazu sosai ne a zamanin shirin nan na ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, da shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980, lokacin da gwamnati take sayar da shi da rangwame mai yawa. Daga gona ya tsallaka zuwa lambunan gidaje, har ya zama gadina da yawa ba su san wata dabara ba sai su watsa yuriya ko kamfa, su ba da ruwa, bayan mako guda fili ya yi kore shar, maigida ya yaba.

ME YA SA AKE GUDUNSU YANZU?

Ƙasashen da suka fara wannan abu su ne suka fara juya masa baya. A 1962 wata masaniya 'yar Amurka, Rachel Carson, ta wallafa littafi mai suna Silent Spring, inda ta nuna yadda magungunan ƙwari suke kashe tsuntsaye da kifaye suna kuma taruwa a jikin mutum. Shekara goma bayan haka, a 1972, Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki. A 1991 wani ƙaramin gari mai suna Hudson kusa da Montreal a Kanada ya kafa dokar hana fesa magani domin ado kawai. Kamfanonin feshi suka kai ƙara, shari'a ta je har Kotun Ƙoli ta Kanada, wadda ta ba garin gaskiya a 2001. Lardin Ontario baki ɗaya ya bi sahu a 2009. Faransa kuma ta hana hukumomin garuruwa fesa irin waɗannan magunguna a wuraren shaƙatawa daga farkon 2017, ta hana masu gidaje saye da amfani da su a lambunansu daga farkon 2019. Saboda haka in maigida ko uwargida sun dawo daga tafiya da wannan magana, abin da suka gano ke nan a can.

A nan gida ma akwai dalilai. Ruwan saman Ikko ya kusa ninka na Kano, na Fatakwal kuma ya fi na Ikko. Yuriya narkewa take yi kamar gishiri, to in an watsa ta a ƙasa mai yashi irin ta Lekki ko Victoria Island aka yi ruwa mai ƙarfi, kaɗan ciyawa za ta ci, saura ya bi kwata ya faɗa tafkin Ikko, ko ya nutse zuwa ruwan ƙasa wanda rijiyoyin unguwa ke sha. Tun 1984 da wata irin kainuwa mai shuɗin fure ta shigo ta wajen Badagry take toshe hanyoyin jiragen ruwa da na masunta. Ƙazantar gari ce babban abincinta, amma takin da ruwa ya wanke yana ƙara mata ƙarfi. Ga kuma tsada. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, aka kuma saki darajar naira a 2023, kuɗin buhun taki ya hau ƙwarai, masu gidaje sun fara lissafi.

WA KE GOYE DA FAMFON?

Amma dalilin da ya fi shafarmu shi ne lafiyar jiki. Maigida yana cikin ɗaki mai sanyi lokacin da ake feshi. Gadina ne ke buɗe kwalba, shi ke dama magani, wani lokaci da hannu, shi ke goya famfon da ke yoyo a gadon bayansa, ba safar hannu, ba takalmin ruwa, ba abin rufe hanci. In ya gama kuma, ragowar maganin a ɗakinsa na boskwata yake ajiyewa, ƙarƙashin gado, kusa da garin tuwo, wani ma a kwalbar lemo yake juye shi, ga yara suna shiga suna fita.

Akwai wani maganin ƙona ciyawa da ake kira farakwat wanda har yau likitoci ba su da makarinsa. Kurɓi ɗaya yana iya kashe babban mutum, domin huhu yake lalatawa a hankali cikin kwanaki. Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta ba da sanarwar hana shi a Nijeriya daga ranar 1 ga Janairu 2024. Sinadarin da ke cikin Gammalin 20 da iyayenmu suka sani, an sa shi cikin jerin haramtattun guba na yarjejeniyar duniya ta Stockholm a 2009. Wani kuma mai suna gilifoset, wanda ake yawan fesawa a kan tsakuwa da gefen katanga, hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2015 mai yiwuwa yana jawo ciwon daji, ko da yake waɗansu hukumomi ba su yarda da haka ba, har Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara 10 a 2023. Masana suna ta gardama, amma fatar gadina ce ke shan maganin kafin su gama. In tsautsayi ya faɗa, a tuɓe rigar, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti tare da kwalbar domin likita ya ga sunan. Kada a tsaya ɗura wa mutum manja ko madara, kada kuma a tilasta masa amai.

ILMIN DA MUKA BARO A GIDA

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Kano ya san jakuna da mangala. Da rani su shiga birni da itace ko kara, su fito da shara da toka da kashin awaki daga juji, a jibge tuli-tuli a gona kafin ruwa ya sauka. Manomi yakan roƙi Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonarsa bayan girbi, har ya ba shi hatsi, domin ya san mashekari ba ya ƙarya. Ba ya sare gawo, domin gawo da damina yake zubar da ganye, dawar da ke ƙarƙashinsa kuwa ta fi ta ko'ina. Wani malamin ilmin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin waɗannan gonaki, ya nuna wa duniya yadda ake noma su kowace shekara ba hutu, jama'a ga yawa, amma ƙasar ba ta mutu ba, saboda taki da haɗa noma da kiwo. Shi ma Albert Howard, Baturen da ake ɗauka ɗaya daga cikin iyayen noman oganik, a wajen manoman Indiya ya ɗauki darasi, ya tsara hanyar haɗa takinsa a garin Indore tsakanin 1924 da 1931.

Bambancin takin biyu shi ne, na zamani ciyawa yake ciyarwa kai tsaye, na gargajiya kuwa ƙasa yake ciyarwa, ita kuma ta ciyar da ciyawa. A buhun yuriya mai kilo 50 akwai kilo 23 na sinadarin naitirojin, wanda ke sa ganye kore. Busasshen kashin shanu bai cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Shi ya sa ba ya nuna aikinsa nan da nan. Amma yana sa yashi ya riƙe ruwa, yana sassauta jar ƙasa mai tauri irin ta Badun, yana kiran tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke narka shi sannu-sannu suna miƙa wa saiwa wata da watanni.

YADDA AKE HAƊA TAKIN A KUDU

Sai dai fa ƙasar Kudu daban take da tamu, tilas a ɗan sauya hannu. A gida rami muke tonawa domin taki ya riƙe laima. A Ikko in ka tona rami da damina ruwa zai cika shi, takin ya yi tsami ya yi wari, uwargida ta ce a kwashe. Saboda haka a bisa ƙasa ake tara shi, a wuri mai ɗan tudu da inuwa, nesa da bangon gida saboda gara.

A fara shimfiɗa ƙananan rassa a ƙasa domin iska ta shiga. Sa'an nan a zuba busasshen ganyen mangwaro ko na fruit ɗin da ake sharewa kullum a ƙone, kaurin kamar taƙi guda. A bi shi da ɗanyen abu, watau yankakkiyar ciyawa da ɓawon ayaba da na doya da ragowar kayan miya daga kicin, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa, busasshe ya ɗan fi ɗanye yawa, har tulin ya kai ƙugu, faɗinsa da tsawonsa kamar mita 1 ko fiye. A rufe da tsofaffin buhuna ko ganyen ayaba saboda ruwan sama. Nama da ƙashi da mai kada su shiga, ɓeraye suke kira. Kashin kare da na kyanwa ma kada su shiga, suna ɗauke da cuta.

A soka sanda a tsakiyar tulin. Bayan kwana uku ko huɗu in an zaro ta aka ji ta da zafi, aiki yana tafiya, wannan zafin ne ke kashe irin haki da ƙwayoyin cuta. In ta fito da sanyi a bushe, a ƙara ruwa da ɗanyen abu. In wari yake yi, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen ganye. A riƙa juyawa duk mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku, da ɗumin Kudu, zai koma baƙi mai laushi mai ƙanshin ƙasar farkon damina.

Wajen samun kashin dabbobi mun fi kowa gata, domin 'yan'uwanmu ne a kara da mayanka, kamar ta Oko-Oba a Agege, su ne kuma da yawa ke kula da dawakin wasan folo. Gidajen kaji ma sun cika wajen gari. Amma a yi hattara, kashin kaji yana da zafi, in an zuba shi ɗanye sai ya ƙone ciyawa, haka garin katakon da ke haɗe da shi in bai ruɓe ba gara yake kira. Toka kuma tana da amfani ƙwarai a Kudu, domin yawan ruwa yana sa ƙasa tsami, toka tana rage shi tana kuma ba da sinadarin fotash. A barbaɗa ta sama-sama a fili, ita kaɗai, kada a cakuɗa ta da ɗanyen kashi domin ƙarfinsa zai bi iska. Mai aiki da taki ya sa takalmi, ya wanke hannu kafin cin abinci, ya kuma je a yi masa allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora, domin a cikin ƙasa da kashin dabbobi cutar take zama tana jiran ɗan rauni.

ZUBAWA, YANKA DA BAN RUWA

Lokacin da ya fi dacewa a zuba takin shi ne farkon damina, wajen Maris ko Afrilu, a sake kuma lokacin ɗan tsagaitawar ruwa ta watan Agusta. Watan Yuni ruwa ya yi yawa, wanke shi zai yi. A yanke ciyawa tukuna, a bi filin da shebur mai yatsu ana huda ƙasa, musamman inda ake takawa ko ajiye mota, domin iska da ruwa su sami hanya. A tankaɗe takin da raga, a watsa, a bi da manjagara har ya shige tsakanin ganye. Kaurinsa kada ya wuce santimita 1, kada ya binne ciyawar. Ga lissafi mai sauƙi da za a iya kai wa maigida: fili mai mita 10 a tsaye da mita 10 a kwance zai ci baro 12 zuwa 15.

Kuskuren da aka fi yi shi ne aske ciyawa ƙwal kamar kan jariri ranar suna, domin a daɗe ba a sake yanka ba. Gajeren ganye gajeriyar saiwa yake haifarwa, rana ta bugi ƙasa, irin haki ya sami haske ya tsiro. Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsawon ganye a yanka guda. Kafet mai faɗin ganye da kiri-kiri, wadda a nan ake kira Bahama, duka suna jin daɗi in an bar su kamar inci 2. A wasa wuƙar inji, domin dakusasshiya yage ganye take yi, bakinsa ya bushe ya yi fari. In yankan bai yi yawa ba, a bar shi a filin kada a kwashe, cikin 'yan kwanaki zai ruɓe, yana iya mayar wa ƙasa kusan rubu'in abincin da ciyawa ke bukata a shekara.

Ban ruwa da rani kuma, yayyafi kullum yana sa saiwa ta zauna a sama. Gara a shayar da fili sosai sau biyu a mako, da sassafe. A ajiye gwangwanin kifi a tsakiyar fili, in ruwan da ya taru a ciki cikin mako ya kai inci 1, ya isa.

HAKI DA ƘWARI

Nan ne wahalar take, ba na kuma ɓoye muku. In an ajiye famfo, hannu ne zai biya. Tuji da harƙiya suna fita da sauƙi bayan ruwa, a cire su kafin su yi iri. Aya-aya kuwa mai taurin kai ce, in ka fizge ganye ka bar 'ya'yanta a ƙasa sai ta dawo ta ninka, sai an bi ta da tsohuwar wuƙa an tono. Haka tofa, sai an bi saiwarta. Inda aka tono a cike gurbin da taki a dasa ciyawa nan take, domin fili in ya yi kauri shi da kansa yake hana baƙo wuri. Tsakanin duwatsun daɓe kuwa tafasasshen ruwa ya isa.

Cikin ƙwari wanda ya fi ɓarna yanzu shi ne tsutsar nan mai cin masara, wadda aka fara gani a Afirka a kudu maso yammacin Nijeriya a farkon 2016. Ciyawa ma tana ci, cikin 'yan kwanaki sai ka ga wuri ya yi kamar an babbake. Maganinta yana tsaye a bakin titi, watau darbejiya, wadda Yarbawa ma da sunanmu suke kiranta, dogon yaro. A tara 'ya'yanta, a shanya, a ɓare, a daka ƙwayar. Giram 50 a lita 1 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu domin ya kama ganye, a fesa da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa kuma da dare tsutsar take fitowa. Ba ya kashewa nan take kamar fiya-fiya, hana ta ci da girma yake yi, saboda haka a maimaita bayan mako guda, tun tsutsar tana ƙarama. In akwai wurin kiwon kifi a gidan a nisanta feshin daga gare shi. Tsuntsaye da kwaɗi da ƙadangaru kuwa a ƙyale su, ma'aikata ne da ba a biya.

MAGANA DA MAIGIDA

Abin da zai ceci aikin gadina shi ne faɗin gaskiya tun da wuri. Ƙasar da ta saba da yuriya shekara da shekaru, in an yanke mata rana ɗaya, ciyawa za ta ɗan koɗe, haki zai leƙo, sai an ci damina ɗaya ko biyu kafin ta koma daidai. A same shi cikin ladabi a ce, Oga, ko Madam, ga abin da zai faru, ga lokacin da zai ɗauka. A ba da shawara a fara da inda yara ke wasa, sauran fili a rage masa takin zamani a hankali. A nemi kayan aiki, watau baro da manjagara da raga da takalmin ruwa da ɗan wurin tara taki. Kada kuma a ji kunyar cewa aiki ya ƙaru. Kuɗin da maigida zai daina kashewa a kan buhu da kwalba, ya kamata wani abu daga ciki ya shiga albashin wanda guminsa ya maye gurbinsu. Mai feshi kowa zai iya zama cikin yini guda, amma wanda ya iya haɗa taki ya san ƙasa, maƙwabta ma za su neme shi, yana kuma iya sayar da rarar takinsa ga masu sayar da furanni a bakin titi.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Kada wani ya karanta wannan ya aika gida a ce wa tsoho ya daina sayen takin zamani. Ciyawar ado ba a girbe ta, abin da aka yanke yana komawa ƙasa, in ta koɗe kuma ba wanda zai kwana da yunwa. Gona kuwa kowace shekara ana kwashe mata hatsi da kara, kashin dabbobin da ke akwai kuma bai isa dukan gonaki ba. Ƙasar Siri Lanka ta gwada hana shigo da takin zamani dare ɗaya a Afrilun 2021, amfanin shinkafa da na shayi ya faɗi, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta janye dokar. Abin da manomanmu suka daɗe da ganewa shi ne haɗa biyun, na gargajiya ya gyara ƙasa, na zamani kaɗan ya cika.

Shi dai ɗan baffan nan nawa, na baro shi ya kafa tulinsa na farko a gindin wani mangwaro can ƙarshen gidan, ya yi magana da wani ɗan garinmu da ke kara zai riƙa aiko masa da kashin shanu, ragowar kwalaben magani kuwa ya fitar da su daga ɗakinsa ya miƙa wa maigida. Masu karatu da ke wannan sana'a, waɗanda suka gwada ko suke da wata dabarar da ban ambata ba, su rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba da sa'a.